Ma'auni da Kunnen Jama'a: Nazarin Rayuwa da Ayyukan Dana Gioia

Tsakure

Maƙalar nan ta bi diddigin rayuwa da ayyukan Dana Gioia, Ba'amurken marubucin waƙoƙi da aka haifa a 1950, wanda sunansa kan fara fitowa duk lokacin da aka ɗauko zancen dawowar ma'auni da amsa-amo cikin rubutacciyar waƙar Amurka. An nazarci diwanansa shida, da maƙalunsa na tarke, da littattafan da ya tace, da rahotannin hukumar raya fasaha ta tarayya wadda ya shugabanta daga 2003 zuwa 2009. Nazarin ya gano cewa tambaya ɗaya ce ta ɗaure duk ayyukansa: wa ke sauraron waƙa? Ma'auni da amsa-amo da labari, a wurinsa, kayan aiki ne na kai waƙa kunnen mutumin da bai karanci adabi a jami'a ba. Alƙaluman hukumar sun gaskata shi ta wani ɓangare, sun saɓa masa ta wani, kuma maƙalar ta fayyace duka biyun.

Muhimman kalmomi: ma'auni, amsa-amo, sakakkiyar waƙa, hadda, tarke, Dana Gioia

1.0 Gabatarwa

A watan Mayun 1991 mujallar The Atlantic ta buga wata doguwar maƙala mai taken “Can Poetry Matter?”, tana tambayar ko waƙa na da sauran tasiri a rayuwar Amurkawa. Wanda ya rubuta ta ba malamin jami'a ba ne. Mataimakin shugaba ne a kamfanin abinci na General Foods, mutumin da ke yini kan lissafin cinikin garin lemo da kayan zaƙi. Wasiƙu sama da 400 suka kwararo wa mujallar, da yawa daga mutanen da adabi ba sana'arsu ba ce. Sunan marubucin Dana Gioia, ana furta shi Joya.

Daga wannan shekara zuwa yau ya yi edita, ya yi fassara, ya shugabanci hukumar gwamnati, ya zama farfesa, ya riƙe kambun sha'irin jihar Kalifoniya. Duk da haka laƙabin da ya fi bin sa shi ne na jagoran masu raya ma'auni. Maƙalar nan tana ganin laƙabin ya yi masa kaɗan. Za ta nuna haka ne ta hanyar ɗora abin da ya faɗa a maƙalunsa a kan abin da ya aikata a waƙa da tace littafi da ofis da aji, sannan ta auna sakamakon da alƙaluman da hukumarsa ta fitar da kanta.

2.0 Yadda ma'auni ya fita daga yayi

Manazarcin waƙar Hausa ya saba da ma'aunin da ke auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi, irin na arulin Larabci. Ingilishi wani abu daban yake ƙirgawa: gaɓar da murya ke dannawa da wadda take ratsawa sama-sama. Karin da ya fi kowane shahara, wanda Shakespeare da Milton suka yi aiki da shi, ƙafa biyar ne a kowane ɗango, kowace ƙafa gaɓa biyu, ta farko sassauƙa, ta biyu dannanniya. Idan aka cire masa amsa-amo yakan yi kusa da maganar baka, shi ya sa ya dace da labari da wasan kwaikwayo. Akwai kuma zubin da aka gada, irin su sonet mai ɗango 14, da balad mai ƙwar huɗu wadda ake ba da labari da ita.

An daɗe ana kai ruwa rana kan wannan gado a Amurka. Walt Whitman ya fitar da Leaves of Grass a 1855 da dogayen ɗangwaye marasa ma'auni. A farkon ƙarni na 20 Ezra Pound da William Carlos Williams suka ƙara buɗe wa sakakkiyar waƙa hanya, wato wadda ba ta ɗaure kanta da kari ko amsa-amo. Ma'auni bai mutu ba a lokacin, domin Richard Wilbur da Anthony Hecht da James Merrill sun riƙe shi da gwaninta bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Amma da Howl na Allen Ginsberg ya fito a 1956, Life Studies na Robert Lowell ya biyo baya a 1959, sai iska ta juya. Adrienne Rich da James Wright da W. S. Merwin, waɗanda duk da ma'auni suka fara, sun saki shi a shekarun 1960.

A daidai wannan lokaci ne kwasa-kwasan koyar da ƙagaggen rubutu suka yi ta yaɗuwa a jami'o'i, suna koyi da na Jami'ar Iowa wanda aka kafa a 1936. Kafin ƙarshen shekarun 1970, abin da ya fara a matsayin tawaye ya zama ƙa'idar aji. Ɗalibi na iya samun digiri na biyu a rubuta waƙa ba tare da an taɓa koya masa yanka ɗango ƙafa-ƙafa ba.

3.0 Daga Hawthorne zuwa kamfanin abinci

An haifi Gioia ranar 24 ga Disamba, 1950, ya kuma tashi a Hawthorne, wani garin ma'aikata a gefen Los Angeles. Mahaifinsa jinin tsibirin Sisili ne na Italiya, ya yi tuƙin tasi, daga baya ya buɗe kantin takalma. Mahaifiyarsa jinin Meziko ce, tana aiki a kamfanin tarho. Dangin uba ne suka kewaye gidan, tsofaffinsu kuma da harshen Sisili suke hira. Shi ne na farko a gidan da ya taka jami'a.

Abu biyu na ƙuruciyarsa sun shafi wannan nazari kai tsaye. Mahaifiyarsa, wadda ba ta yi zurfin karatu ba, ta haddace waƙoƙi tun tana makaranta, har da na Edgar Allan Poe, takan kuma karanto su da ka a cikin gida. Kawunsa Theodore Ortiz kuwa, ma'aikacin jirgin ruwan kasuwanci da ya ilimantar da kansa, ya rasu a hatsarin jirgin sama ya bar musu tarin littattafai da faya-fayen kiɗa. Makarantun Katolika suka ɗora masa Latin da kiɗan fiyano. Kafin ya san wani abu wai shi tarke, ya riga ya san waƙa a matsayin abin da ake ji daga bakin mutum.

Ya shiga Jami'ar Stanford da niyyar zama mai tsara kiɗa. Zaman karatu da ya yi a birnin Biyana na Ostiriya ne ya karkatar da shi ga waƙa. Ya gama a 1973, ya wuce Harvard inda ya sami digiri na biyu a kwatancin adabi a 1975. Can ya zauna gaban malamai biyu da suka bar masa tabo mai kyau: Robert Fitzgerald, mai fassarar Homer, wanda ya koya masa tarihin ma'auni, da Elizabeth Bishop, wadda ajinta ɗalibai ƙalilan ne kuma takan sa su hadda. Ya ba da labarinsu a littafinsa Studying with Miss Bishop na 2021.

Sai ya yi abin da ba a zata ba, ya bar hanyar digirin digirgir. Dalilinsa shi ne ana horar da shi ya yi magana kan adabi da harshen da iyayensa ba za su gane ba. Ya koma Stanford ya yi digirin gudanar da kasuwanci, ya gama a 1977, ya kama aiki da General Foods a jihar New York. Shekara 15 ya yi a can. Yana cikin waɗanda suka farfaɗo da cinikin kayan zaƙi na Jell-O ta hanyar fito da Jigglers, wani salon haɗa shi da yara ke iya ɗauka da hannu. Da dare da ƙarshen mako yake rubutu, abokan aikinsa kuma ba su sani ba sai da mujallar Esquire ta saka shi cikin jerin matasan da ke tashe a 1984. Yana sane da cewa Wallace Stevens ya yi aikin inshora, T. S. Eliot ya yi aikin banki, har ya rubuta maƙala kan sha'iran da suka ci abinci a kasuwanci. A 1992 ya ajiye aikin ya rungumi alƙalami.

4.0 Rikicin masu raya ma'auni

Sunan New Formalism, wato sabuwar mazhabar bin ma'auni, daga bakin masu suka ya fara fitowa. A 1985 Ariel Dawson ta yi amfani da shi a wata maƙala inda ta danganta komawa ga kari da amsa-amo da son abin duniya na matasan ma'aikata a zamanin Shugaba Reagan. A 1986 Diane Wakoski ta ɗauki lamarin a matsayin juya wa gadon Whitman baya. A 1990 Ira Sadoff ya kira shi begen jiya mai haɗari. Da diwanin Gioia na farko, Daily Horoscope, ya fito a 1986, aikinsa na kamfani ya zama sandar dukansa, har Greg Kuzma ya yi masa doguwar suka a mujallar Northwest Review yana haɗa waƙarsa da kuɗi.

Amsar Gioia ta fito a mujallar The Hudson Review a 1987, mai taken “Notes on the New Formalism”. Hujjarsa ta farko ita ce ma'auni ya girmi rubutu kansa, don haka ya girmi kowace jam'iyya. Ta biyu, sakakkiyar waƙa ce ta zama gargajiyar zamanin, masu bin ma'auni ne 'yan tawaye. Ta uku, wadda aka fi mantawa da ita, bai ce a watsar da sakakkiyar waƙa ba. Ya ɗauki salon biyu a matsayin kayan aikin da ya kamata gwani ya mallaka duka, ya kuma caccaki masu jera baitoci daidai wa daida a takarda alhali kunne ba ya jin wani kari a ciki. Matsalolin da ya lissafa sun wuce zancen ƙafa: lalacewar harshen waƙa, da surutu marar kan gado, da gajiyar salon fallasa sirrin kai, da rasa dabarar ba da labari, da toshe kunne ga daɗin sauti.

Tarihi yana goyon bayansa kan batun siyasa. Pound, uban sakakkiyar waƙa ta zamani, ya goyi bayan Mussolini. Claude McKay kuwa da sonet ya mayar da martani ga kisan baƙar fata a 1919, Gwendolyn Brooks ta yi sonet kan sojoji baƙar fata, Marilyn Hacker mai fafutukar haƙƙin mata kuma tana cikin gwanayen ma'auni na zamaninta.

Tafiyar ta yi jijiya. Vikram Seth ya rubuta The Golden Gate, labari sukutum da sonet, a 1986. Timothy Steele ya fitar da Missing Measures a 1990, shekarar da William Baer ya kafa mujallar The Formalist. Annie Finch ta tattara waƙoƙin mata masu bin ma'auni a 1994, Mark Jarman da David Mason suka fitar da Rebel Angels mai ɗauke da sha'irai 25 a 1996. Gioia da Michael Peich kuma suka kafa taron shekara-shekara a Jami'ar West Chester ta jihar Pennsylvania a 1995, inda aka riƙa koyar da ma'auni da waƙar labari a aikace.

Maƙalar 1991 ce ta bayyana inda zuciyarsa take. Ya lura cewa ba a taɓa buga waƙoƙi da yawa kamar lokacin ba: kwasa-kwasan digiri na biyu kusan 200, waɗanda ya ƙiyasta za su yaye sha'irai masu takardar shaida kimanin 20,000 cikin shekara goma. Amma masu karantawa su ne dai masu rubutawa. Waƙa ta zama kamar kasuwar da 'yan tireda suka cika maƙil, masu saye ba su zo ba. Shawarwari shida ya bayar: mai karanta waƙarsa a taro ya haɗa da ta wasu, a riƙa gwama waƙa da kiɗa, sha'irai su yi tarke na gaskiya ba yabon juna ba, mai tattara kundi ya saka abin da ya burge shi kawai, malamai su rage feɗe waƙa su ƙara hadda da karantawa a fili, a kuma yi amfani da rediyo. Babu ko ɗaya cikin shida da ta ce a rubuta da ma'auni. Dukkansu kan mai sauraro suke.

5.0 Abin da waƙoƙin suka nuna

A Disamban 1987 ɗansa na fari ya rasu yana da wata huɗu, sakamakon mutuwar fuju'a da kan ɗauke jarirai cikin barci. Ya yi kusan shekara bai rubuta waƙa ba. Diwaninsa na biyu, The Gods of Winter na 1991, daga wannan rashi ya fito.

Waƙar da ta fi shahara a ciki ita ce “Planting a Sequoia”. A Sisili uba kan dasa zaitun ko ɓaure don murnar haihuwar ɗan fari. A waƙar, uban da 'yan'uwansa sun dasa sikwaya, bishiyar Kalifoniya da kan rayu dubban shekaru, suka binne silin gashin jaririn da guntun cibiyarsa a saiwarta. Zubinta ƙwar biyar ne, ɗangwayen dogaye, kari a sassauce, amsa-amo babu. Wannan abin lura ne ƙwarai: waƙar da aka fi sanin jagoran masu ma'auni da ita ba ta cika sharuɗɗan da masu suka ke jingina masa ba. Abin da ke riƙe da ita shi ne numfashin mai magana da tafiyar aikin hannu, daga haƙa rami zuwa rufe shi. Ya koma kan wannan rashi a Pity the Beautiful na 2012, cikin “Majority”, inda uban ke bin shekarun ɗan da ya rasu ta hanyar kallon 'ya'yan wasu har ya kai 21.

Inda ya fi riƙe ƙafa biyar da ƙarfi shi ne waƙoƙin labari. A “Counting the Children” wani akawu jinin Sin ya je ƙididdige dukiyar wata mamaciya, ya tarar da ɗaki cike da 'yan tsana, abin ya tayar masa da tsoron rasa 'yarsa. A “The Homecoming” mai kisan kai ne ke magana bayan ya tsere daga kurkuku. A nan ma'aunin yana aiki a ƙarƙashin magana, mai sauraro yana bin labari ba tare da ya lura ana ƙirga masa gaɓa ba. “The Ballad of Jesús Ortiz” kuwa ƙwar huɗu ce mai amsa-amo, kan kakan mahaifiyarsa, makiyayin shanu ɗan Meziko da aka harbe a Lost Cabin ta jihar Wyoming. Ya zaɓi zubin da makiyayan yankin da kansu ke waƙa da shi.

Interrogations at Noon na 2001 ya ci kyautar American Book Award. A 99 Poems na 2016 bai jera waƙoƙin bisa shekaru ba, ya kasa su jigo bakwai, ciki har da wuri da tunawa da labarai da soyayya, tsarin da ke sauƙaƙa wa baƙon mai karatu shiga. Meet Me at the Lighthouse ya biyo baya a 2023. Ya kuma rubuta wa masu tsara kiɗa matanin opera, irin su Nosferatu tare da Alva Henderson da The Three Feathers tare da Lori Laitman.

Yana da rauni. A wasu gajerun waƙoƙinsa laushin harshe kan yi yawa, amsa-amo ya rufe baiti tsaf kafin jigon ya gama yi wa mai karatu ciwo, kuma muryar jimami ɗaya takan maimaitu daga waƙa zuwa waƙa. Ƙarfinsa na fitowa ne inda akwai mutum da abin da ya same shi.

6.0 Edita da matarki

Tun yana Stanford ya yi editan mujallar adabi ta Sequoia, daga baya ya riƙe shafin adabi na mujallar Inquiry. Aikin tacewa da ya fi kowane isa ga jama'a shi ne littattafan koyarwa da ya haɗa hannu da X. J. Kennedy a kansu tun shekarun 1990, wato An Introduction to Poetry da babban kundin Literature, waɗanda aka yi ta sake bugawa ana karanta su a kwalejojin Amurka. Ɗalibin da ba zai taɓa sayen diwani ba yakan ci karo da babin kari da sauti a nan. Ya tace Twentieth-Century American Poetry tare da David Mason da Meg Schoerke, da wani kundin waƙoƙin Kalifoniya, shi ne kuma editan The Best American Poetry na 2018. Ya fassara Eugenio Montale daga Italiyanci da Seneca daga Latin.

Waɗanda ya zaɓa ya ɗaga sun fi komai nuna halinsa. Ya tattara gajerun labaran Weldon Kees, sha'irin da ya ɓace a 1955 aka tsinci motarsa kusa da gadar Golden Gate. Ya kare Robinson Jeffers da Longfellow lokacin da jami'o'i suka yi watsi da su. Ya yi rubutu mai zurfi kan Ted Kooser, ma'aikacin inshora a Nebraska mai rubuta sakakkiyar waƙa, shekaru da yawa kafin ya zama sha'irin ƙasa a 2004. Haka ya yi wa Kay Ryan, wadda ta sami wannan kambu a 2008. Abin da ya haɗa waɗannan mutane ba ma'auni ba ne. Dukkansu suna gefen da'irar da ke raba suna, kuma mutum na iya fahimtarsu ba tare da malami ba.

A Disappearing Ink na 2004 ya kai hujjar inda abokan tafiyarsa da yawa ba su kai ba. Ya ce farfaɗowar waƙa ta riga ta faru a wajen jami'a: a rap, da taron waƙoƙin makiyaya da ake yi a Elko ta jihar Nevada tun 1985, da gasar waƙar baka da ta taso daga Chicago. Duk da baki ake yin su, kuma rap da waƙar makiyaya cike suke da kari da amsa-amo.

7.0 Ofis da aji

Lokacin da Shugaba George W. Bush ya naɗa shi shugaban hukumar National Endowment for the Arts, inda ya kama aiki a 2003, hukumar na fama da rauni. Rigingimu kan wasu ayyukan fasaha da ta tallafa wa sun sa Majalisa ta zaftare kasafinta daga kimanin dala miliyan 162 a 1995 zuwa miliyan 99 a 1996. Gioia ya ɗauki dabarar ɗan kasuwa: ya tabbatar tallafi ya isa kowace mazaɓar ɗan majalisa, ya kuma ƙirƙiro shirye-shiryen da jam'iyyun biyu za su iya mara wa baya. Aka kai wasannin Shakespeare jihohi 50, aka fara The Big Read a 2006 inda gari guda ke karanta littafi ɗaya, aka buɗe Operation Homecoming a 2004 don sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan su rubuta abin da suka gani. Kasafin ya tashi daga kimanin miliyan 115 zuwa miliyan 155 a 2009.

An soke shi, kuma sukar na da tushe. Wasu sun ce ya fake da sanannun marubutan da suka riga mu gidan gaskiya don kauce wa rigimar masu fasaha rayayyu. Wasu sha'irai sun ƙi shirin sojojin, suna ganin kusanci ne da ma'aikatar tsaro a lokacin yaƙi.

Shirin da ya fi kama da shi shi ne Poetry Out Loud, gasar haddar waƙa ta 'yan sakandare, wadda aka gwada a 2005 tare da gidauniyar Poetry Foundation, ta game ƙasa a 2006. Ana farawa daga aji, a je makaranta, a je jiha, a ƙare a Washinton, inda zakara ke karɓar dala 20,000. Shawararsa ta biyar ta 1991 ce ta zama tsarin gwamnati.

Alƙaluma sun ba da amsa iri biyu. Rahoton Reading at Risk na 2004 ya nuna manyan da ke karanta adabi sun ragu daga kashi 56.9 cikin ɗari a 1982 zuwa 46.7 a 2002. A 2008 adadin ya hau zuwa 50.2. Amma masu karanta waƙa ita kanta sun ci gaba da raguwa: kashi 12.1 a 2002, 8.3 a 2008, 6.7 a 2012. Sai a 2017 suka yi tsalle zuwa 11.7, matasa 'yan shekara 18 zuwa 24 kuma suka ninka. Wannan hawa ya zo daidai da tashen waƙa a Instagram da YouTube, inda mafi yawan abin da ke yawo sakakkiya ce, irin ta Rupi Kaur.

A 2011 ya karɓi kujerar farfesan waƙa da al'adun jama'a a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya riƙe ta har 2019. Ana iya ganin saɓani a ce mai sukar kulle waƙa a jami'a ya ƙare a jami'a. Sai dai ya shiga ne yana da shekara 60, bayan ya gina sunansa a waje, kuma hadda da karantawa a fili ya sa a gaba a ajinsa. Da Gwamna Jerry Brown ya naɗa shi sha'irin Kalifoniya a 2015, sai ya zagaya gundumomin jihar 58 ɗaya bayan ɗaya, yana raba dandali da marubutan kowane gari da ɗalibansu.

8.0 Kammalawa

Nazarin ya kai ga sakamako uku. Na farko, laƙabin jagoran masu raya ma'auni ya bayyana matsayin Gioia a rikicin shekarun 1980, amma bai bayyana waƙoƙinsa ba, domin yana tafiya tsakanin ɗaurarren kari da sassauƙa da sakakke gwargwadon abin da jigo ya nema. Na biyu, zaɓinsa a matsayin edita da matarki ya bi waɗanda talaka mai karatu zai iya ji, ko da wane salo suka rubuta. Na uku, alƙaluman 2017 sun tabbatar da hasashensa cewa masu sauraro za su dawo ta ƙofar da ba ta jami'a ba, amma ba su tabbatar da cewa ma'auni ne zai dawo da su ba.

Inda ma'aunin ya sami gindin zama shi ne bakin 'yan makaranta. Ɗalibai sama da miliyan 4 sun shiga Poetry Out Loud tun 2005, kuma dokar gasar a matakin jiha da na ƙasa ta yi shekaru tana wajabta wa kowane ɗan takara ya kawo waƙa ɗaya da aka rubuta kafin ƙarni na 20. Da yake mafi yawan waƙoƙin wancan zamani masu kari ne, kusan duk wanda ya kai wannan mataki ya haddace waƙa mai ma'auni, ya kuma tsaya gaban jama'a ya karanto ta da ka.